Karin Kumallo A Yonghe: Abincin Baƙi Da Ya Zama Na Gida

A shekarar 2019 wani taron masana harsuna ya kai ni birnin Taipei da ke tsibirin Taiwan. Ran da muka kammala, wani abokin aikina ɗan tsibirin ya rantse ba zan tafi ba sai na ɗanɗana karin kumallonsu na gargajiya. Da sanyin safiya muka haye kogin Xindian zuwa unguwar Yonghe, muka shiga wani ɗan shago da tururi ya turnuƙe, jama'a sun yi layi har bakin titi.

Aka kawo mana doujiang, wato madarar waken suya mai zafi, da youtiao, dogon ƙullun fulawa da ake soyawa a mai, da shaobing, gurasa mai riɗi da ake tsagawa a cusa youtiao a ciki. Fantuan kuwa, dunƙulen shinkafa, na ce a yi mini uzuri, domin akan saka busasshen naman alade a cikinsa. Abin da ya fi kama hankalina shi ne madarar mai gishiri. Ana zuba ta a kan ɗan ruwan khal sai ta tsinke, a barbaɗa albasa mai lawashi da gutsattsarin youtiao. Duk wanda ya taɓa ganin ana dafa awara kafin a tace ta, ya san kamanninta.

To amma, ya mai karatu, kalmar gargajiya a nan tana buƙatar a yi mata tambaya. Mutanen Taiwan masu cin shinkafa ne, kuma karin kumallon kakanninsu kunun shinkafa ne, sau da yawa haɗe da dankali. Alkama abincin arewacin ƙasar Sin ce. Sai a 1949, lokacin da 'yan gurguzu suka ci gwamnatin Chiang Kai-shek da yaƙi, mutane fiye da miliyan 1 suka tsallako tsibirin, ciki har da sojojin da ba su sake ganin garuruwansu ba. Irin waɗannan baƙi ne suka fara sayar da wannan abinci don neman na sakawa a baka, kuma shahararren shagon da ya ɗaga sunan Yonghe a 1955 ya soma. Tallafin da Amurka ta bayar tsakanin 1951 da 1965 ya cika tsibirin da fulawa, har yara kan sa gajeren wando da aka ɗinka da buhunta. Abincin 'yan gudun hijira ne, ya haɗu da alkamar agaji, ya zama abin da ake nuna wa baƙo da alfahari.

Sana'a ba ta barin mai ita, saboda haka kunnena na kan bakin mutane. Abokina ya yi odarsa da harshen Mandarin, amma tsohuwar da ke suya da Hokkien take kiran mataimakanta, harshen gida na mafi yawan 'yan tsibirin, inda youtiao ke amsa sunan yu-cha-kue. Gwamnatin da ta karɓi tsibirin daga hannun Japan a 1945 ta wajabta Mandarin a makarantu. Ɗalibin da aka kama yana magana da Hokkien ko Hakka kan biya tara, ko a rataya masa allo a wuya. Dokar soja ba ta kau ba sai 1987, kuma sai ƙarshen 2018 majalisa ta zartar da dokar da ta daidaita matsayin harsunan tsibirin. A ganina ta zo a makare. Abokina yana jin harshen kakarsa amma da ƙyar yake mayarwa, 'ya'yansa kuwa ko ji ba sa yi. Gurasa da Mandarin baƙi ne da suka sami gindin zama a zamani ɗaya, sai dai babu wanda aka ci tara kafin ya karɓi gurasar.

Da za mu tashi na tambaye shi inda zan sami kunun shinkafar nan na kakanni. Ya yi ɗan tunani, ya ce akwai shagunansa a titin Fuxing ta Kudu, amma galibi da daddare ake zuwa, bayan an tashi daga aiki.