Jan Ruwan Nama da Awon Jini a Asibiti

'Yan'uwana mata, duk mun san jan ruwan nan da ke kwanciya a gindin kwano idan an ajiye ɗanyen nama. Mu kan ce jini ne. To, yawancinsa ba jini ba ne. Wani sinadari ne na cikin tsoka ya rina ruwan, likitoci suna ce da shi mayogulobin. Aikinsa shi ne ya riƙe wa tsoka iskar da a ke shaƙa, kamar yadda randa ke riƙe ruwa. Shi ya sa naman sa ya fi ƙirjin kaza ja.

Mu ma akwai shi a tsokarmu, ita zuciya kuwa tsoka ce. Idan tsoka ta yi rauni sai ya tsiyayo cikin jini, a ɗebi kaɗan a hannu a auna.

Sa'ad da jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, mayogulobin ya kan hau cikin awa 2 zuwa 3, bayan kamar awa 24 ya sauka. Amma ba ya faɗin wace tsoka ce ta ji ciwo, ko aikin ƙarfi ma ya kan tashe shi. Saboda haka tun shekarar 2000 likitoci sun fi dogara ga awon tiroponin, wanda ya fi nuna zuciya, tare da na'urar awon bugunta. Idan maigida ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, yana gumi, kada ki tsaya jiƙa kanwa, ki ce sai gari ya waye. Mu mata kuwa wani lokaci abin ya kan zo mana da haki, da tashin zuciya, da ciwon muƙamuƙi ko baya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙoda. A shekarar 1941, lokacin da Jamus ke jefa bama-bamai a Landan, wani likita, Eric Bywaters, ya lura da mutanen da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini. Sun fito kamar lafiya lau, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, suka rasu. Mayogulobin ɗin tsokar da ta murƙushe ne ya lalata musu ƙoda.

Ku tuna da katangar ƙasa da ke faɗa wa mutane da damina, da yaron da ya sha mugun duka, har da matar da aka doka ta ɓoye don kunya. Alamarsa fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ga ciwon jiki da kasala. Wannan ba na gashi da ruwan zafi ba ne. A kai shi asibiti ran nan, a gaya wa likita ainihin abin da ya faru da lokacin da ya faru, don a auna jini da fitsari, a sa masa ƙarin ruwa tun ƙoda ba ta gaza ba.