Ɗalibi da Tarkacen Ɗakinsa

A Ingila shekarar karatu ta jami'a ta kan fara wajen ƙarshen Satumba, ta ƙare cikin watan Yuni. Ran da ɗalibi ya iso, a kan ba shi mabuɗin ɗaki guda mai gado, da tebur, da kujera, da kabad na rataye tufafi. Da akwati biyu ya kan shigo. Amma in an leƙa ɗakin nan bayan wata biyar, sau da yawa sai a tarar ba wurin sa ƙafa. Kujera ta ɓace ƙarƙashin riguna, tebur ya cika da takardu da kofuna, gado kuwa rabi na littattafai ne, rabi na mai ɗaki.

Ba lalle ƙazanta ce ta kawo wannan ba. A gidan Bahaushe na gargajiya ko wane aiki da wurinsa: ana dahuwa a madafi, ana shanya a tsakar gida, hatsi yana rumbu, baƙo kuwa iyakarsa zaure. Ɗalibi a Ingila ɗakin nan guda shi ne makwancinsa, shi ne wurin karatunsa, shi ne zaurensa, wani lokaci ma a ciki ya ke cin abinci. Ga shi kuwa ƙarami. Tun 2018 doka ta ce a gidajen haya masu lasisi, inda mutane da yawa su ke zaune tare, kada ɗakin kwanan babban mutum ɗaya ya gaza murabba'in mita 6.51. Wannan bai fi a sa gado da tebur, a sami ɗan wurin juyawa ba.

A nan ya kamata mai koyon Hausa ya lura da kalmomi uku. Shara ita ce kawad da ƙura da datti da tsintsiya. Kintsawa ita ce mai da ko wane abu wurinsa. Tarkace kuwa su ne ƙananan kaya barkatai waɗanda ba su da mazauni, amfaninsu ma ba yawa. Waɗansu su kan ce komatsai. To, tsintsiya ba ta maganin tarkace, ba kuwa a kintsa abin da ba shi da wuri. Kuskuren yawancin ɗalibai ke nan. Sai su sayo akwatunan roba, su ɗura kome ciki, su tura ƙarƙashin gado, su ce sun yi gyara. Ba su rage ko allura ba, ɓoyewa kawai su ka yi. Rage kaya shi ne farkon aiki.

Wata mata ta ƙasar Japan, Marie Kondo, ta rubuta littafi game da wannan a 2011, aka juya shi da Turanci a 2014. Shawararta ita ce a bi kaya iri iri, kada a bi kusurwa kusurwa: a fara da tufafi, sa'an nan littattafai, sa'an nan takardu, sai ƙananan kaya, daga ƙarshe abubuwan tunawa da mutane. Tsarin nan yana da kyau ƙwarai, gama sai mutum ya tara rigunansa duka wuri ɗaya ya ke sanin yawansu. Amma ta ce a riƙe abin da ya ke faranta rai kaɗai, wannan kuwa bai ishi ɗalibi ba. Takardar haya ba ta taɓa faranta ran kowa ba, duk da haka ba a yar da ita. Tambayar da ta fi masa amfani ita ce, ko ya yarda ya ɗauki abin nan ranar tashi? Yawancin kamfanonin jirgin sama kilo 23 su ke yarje wa akwati ɗaya. Abin da ba zai shiga akwati a Yuni ba, ban da kayan da a ke amfani da su kullum, ba dalilin ba shi masauki a Janairu.

Tufafin kan kujera su ne masu wuyar sha'ani. Riga ce an sa ta sau ɗaya, ba ta isa wanki ba, ba ta kuwa cancanci komawa cikin wankakku ba, saboda haka a kan ɗora ta a kujera wai kafin gobe. Gobe wata ta hau kanta. Maganinsu shi ne a ba su wurinsu daban, ko maratayi biyu a bayan ƙofa, ko ɗan kwando. In wurin ya cika, ranar wanki ta yi ke nan.

Takardu ba su da wannan wahala. Fasfo da takardar haya da makamantansu a sa su cikin ambulan guda. Na darasin da ba a yi jarrabawarsa ba tukuna a jera su. Littattafan aro a mai da su laburare. Saura duka na kwandon takarda ne.

Kada a zaci maganar kyaun gani ce kawai. Ƙasar tana da sanyi da danshi. Ɗalibin da ya ke shanya jiƙaƙƙun tufafi a ɗaki, taga a rufe, kaya kuwa jingine da bango, ba da daɗewa ba zai ga funfuna ta yi baƙi a bayansu, ita kuwa tana cutad da masu ciwon asma. Waya ko kwamfuta da aka bari tana caji ƙarƙashin bargo tana iya ɗaukar zafi har ta ta da gobara. Akwai kuma batun kuɗi. Mai gidan haya ya kan karɓi kuɗin ajiya, kamar jingina, wanda tun 2019 doka ta ce galibi kada ya wuce hayar mako biyar. In an bar masa ɗaki da datti ko da shirgi, daga ciki zai nemi a cire ladan masu kwashewa.

Game da lokaci, akwai wani abin dariya: ɗalibin da bai taɓa tsintsiya ba tun Oktoba, daren jarrabawa ne son shara ya kan kama shi. Wannan gudun karatu ne. Waɗansu kuma su kan bari sai ranar mai da mabuɗi, ga shi Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a zaɓi yinin Asabar guda a tsakiyar zango, a gama iri ɗaya kafin a taɓa na biyu.

Abin da aka fitar mai sauran amfani ba a kai shi juji. A yawancin garuruwan Ingila akwai kantunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam, wadda aka kafa a Oxford a 1942. Suna karɓar tufafi wankakku da littattafai da kwanuka, su sayar da araha. In Satumba ta kewayo, a kantunan nan ne sababbin ɗalibai da yawa su ke sayen tukunya da rigar sanyi.