Takardar Baƙo a Bakin Iyaka

Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi zaman ribaɗi a Wurno, abin da baƙo ke nema a ƙasar nan shi ne mai masauki. Falke daga Madawa ko gardi daga Ƙonni yakan sauka Shinaka ko Goronyo, ba mai tambayarsa takarda. Yau kuwa al'amari ya sāke.

Cikin shekarar 1979 ƙasashen ECOWAS suka ƙulla alkawari a Dakar, cewa ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo ko takardar tafiya, da katin rigakafi. Amma alkawarin nan ya bar wa kowace gwamnati ikon mayar da wanda dokarta ta hana shiga. A nan gizo ke saƙar. Dokar shige da fice ta Nijeriya ta lissafa mutumin da ba a ga abin da zai riƙe kansa da shi ba cikin waɗanda ake iya mayarwa. To, gardin da dukiyarsa allo ce da buzu da gafaka, me zai nuna wa ma'aikaci a iyakar Illela?

Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar. Ran nan aka yi shela a ci gaba da karɓar takardun mutanenta har sai an sake shawara. Izni ke nan na aro. Saboda haka mai masauki ya duba takardun baƙonsa tun kwana 90 ba su cika ba.