Motar Kyauro: Yadda Roba Ke Tuƙa Taya a Lungunan Birni

Motocin da yaran cikin birnin Kano suke ƙerawa da hannunsu iri-iri ne. Akwai ta kara, wadda ake fere totuwa a haɗa ta da siraran ɓawon karan. Akwai ta langa-langa. Akwai ta gwangwanin madara. Akwai kuma ta waya mai dogon sitiyari, wadda yaro yake tuƙawa yana tafe a tsaye yana yi mata ƙarar inji da baki. Duk waɗannan sai an ja su da zare ko an tura su. Guda ɗaya ce ake ajiyewa a ƙasa, a ɗauke hannu, ta kama hanya da kanta, ba batir ba fetur. Ita ce motar kyauro.

Kayan haɗinta ba sa bukatar a je kanti. Kwalin ashana ko na sabulu ko robar lemo shi ne jikin mota. Tsinken tsire ko wayar ƙafar keke ita ce sandar da take haɗa tayoyi biyu. Bututun tsohon biro shi ne mazaunin da sandar take juyawa a ciki. Tayoyin kuwa murafen kwalba ne, ko tsohon silifas da aka yanka zagaye da reza. Sai kyauro, irin wanda 'yan kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai suke ɗaure kuɗi da shi, suna zubar da shi a ƙasa ba tare da sun waiwaya ba. Yaron da ya zagaya daga Jakara zuwa Ƙofar Wambai da yamma zai iya dawowa gida da injin motoci da yawa a wuyan hannunsa.

Ƙarfin da yake tafiyar da wannan mota daga hannun yaron ya fito. Kyauro ajiya kawai ake ba shi. Lokacin da yaro ya dafa motar ya ja ta da baya, tayoyin baya suna juyawa, sandarsu tana naɗe kyauron da aka ɗaure ɗaya bakinsa a gaban motar, shi kuma yana ta miƙewa. Duk wahalar da hannu ya sha wajen wannan ja tana nan a jikin robar. Da an saki, robar za ta nemi komawa tsawonta na asali, ta warware daga jikin sanda, sanda ta juya tayoyi, tayoyi su tokari ƙasa ta baya, mota ta yi gaba.

To me ya sa roba take komawa, alhali igiya ko tsumma ba sa yi? Amsar tana cikin ƙirar jikinta. Roba tarin dogayen silalla ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, a cukurkuɗe da juna kamar dafaffiyar taliya a kwano, kuma ba a zaune suke lafiya ba, kullum cikin motsi suke saboda ɗumin da yake jikinsu. In an ja robar, silallan suna miƙewa su jeru. Amma motsin nan nasu ba ya barin su a miƙe, yana ta fizgar su su koma cukurkuɗe, wannan fizgar ce muke ji a yatsa. Saboda silallan dogaye ne, kyauro mai kyau yana iya miƙewa ninki biyar ko shida na tsawonsa bai tsinke ba.

Kowa yana iya jin alaƙar roba da ɗumi da leɓensa. A ɗauki kyauro mai ɗan faɗi, a ja shi da sauri, a taɓa shi a leɓen sama: za a ji ya yi ɗumi. A riƙe shi a miƙe na ɗan lokaci, sannan a sassauta shi da sauri a sake taɓawa: za a ji ya yi sanyi. Wani makaho masanin kimiyya a Ingila, John Gough, da leɓensa ya gano haka, ya kuma wallafa bayaninsa a 1805. Wannan ɗumi yana da nasa tasirin a kan motar, domin roba ba ta mayar da ajiya cif-cif yadda aka ba ta. Wani kaso yana salwanta ya zama zafi duk lokacin da aka ja ta aka sake ta.

Asalin robar daga ƙaron wata itaciya ce ta dajin Amazon a Kudancin Amurka, wadda a yau ake nomanta a jihohin Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba. Ɗanyen ƙaron nan ba zai yi wa yaron Kano wani amfani ba, domin da zafin bazara ya buge shi zai narke ya yi yauƙi, sanyi kuma yana sandarar da shi. Charles Goodyear, Ba'amurke, shi ya gano a 1839 dabarar dafa shi da farar wuta. In aka yi haka, silallan suna ƙulluwa da juna nan da can, sai robar ta riƙa miƙewa tana dawowa ba ta zube ba. Shekara shida bayan haka, a 1845, Stephen Perry ya yi wa kyauro rajista a Landan domin ɗaure takardu da ambulan.

Har zuwa nan duk yaro ya sani a aikace, ko da bai san sunayen Turawan ba. Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wajen fitar da ajiyar. Kyauron da aka ja aka saki a iska yana zubar da ƙarfinsa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Aikin mai ƙera mota shi ne ya tilasta masa ya biya a hankali, kaɗan-kaɗan, kuma ya biya ta taya zuwa ƙasa.

Ga lissafin. Tayar da faɗinta ya kai santimita 6, duk juyi ɗaya tana cin ƙasa kusan santimita 19. Tsinken da kaurinsa ya kai milimita 4, duk juyi ɗaya yana naɗe roba santimita ɗaya da 'yan kai. In kyauron zai iya ba da ƙarin tsawo na santimita 25, to za a samu juyi wajen 20, motar kuma za ta yi kusan mita 4 kafin robar ta gama warwarewa. A cire tayar nan a sa murfin kwalba mai faɗin santimita 3, da kyauron nan dai, da juyin nan dai, tafiyar ta koma rabi. A bar babbar tayar, a naɗa wa tsinken salatif har kaurinsa ya ninka, juyin zai koma 10, amma ƙarfin murɗa tayar zai ninka, motar ta tashi da zafinta ta haura ɗan tudun da a da take tsayawa a gindinsa. Abin da direban tirela yake yi ke nan in ya sa giya ɗaya a kan hawa, ya koma babbar giya a kan shimfiɗaɗɗen titin Zariya. Ƙarfin da yake cikin robar bai ƙaru ba bai ragu ba, rabon fitarsa ne aka canza.

Haka ma wajen haɗa kyauron. In aka sarƙa guda uku suka yi tsawo, jan yana yin laushi amma yana daɗewa, motar tsere mai nisa ke nan. In aka haɗa biyu gefe da gefe, jan yana yin tsauri ya ƙare da wuri. Yara sukan yi zaton yawan kyauro shi ne yawan gudu, sai ka ga an jibga guda biyar a kan kwalin ashana, kwalin ya lanƙwashe tun ba a saki ba.

In ka tsaya a bakin wani zaure a Yakasai ko Mandawari inda ake wannan wasa, abin da za ka fi gani shi ne wannan: ƙaramin yaro ya naɗe motarsa har robar tana ƙara, ya ajiye ta a kan sumulmulan siminti, ya saki. Tayoyin baya su yi fir a wuri ɗaya, motar ta ɗan girgiza, shi ke nan. Sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, tawa ta ƙi tafiya." Yayan ba zai taɓa kyauron ba. Zai ce, "Kawo mataccen batirin can, ƙanena," ya ɗaure shi daidai kan tayoyin baya, sannan ya zagaya wa kowace taya kyauro guda a bakinta. A saki na biyu motar ta tsallake zauren har ta bugi dokin ƙofa. Murfin kwalba santsi gare shi, simintin ma haka, ƙarfin robar kuma a farkon saki ya fi yawa, sai ya rinjayi riƙon da taya take yi wa ƙasa. Nauyi yana danna tayar, robar da aka zagaya mata kuma tana kama ƙasa. Shi ya sa tayar silifas ta fi ta murfi a kan siminti da tayil, in dai an yanke ta daidai.

Gogayyar da ake nema tsakanin taya da ƙasa, ita ce kuma abokiyar gaba a mazaunin sanda. In tsinke yana gugar kwali kai tsaye, kaso mai yawa na ajiyar a nan zai ƙare. Amfanin bututun biro ke nan. Wasu sukan ɗiga man keken ɗinki ko baƙin mai, wanda kuskure ne, domin man fetur da danginsa suna cin roba, tana kumbura ta yi laushi ta tsinke. Goga kyandir ko busasshen sabulu a jikin tsinken ya wadatar.

Akwai wata 'yar dabara da take raba motar gwani da ta kowa. Wanda ya ƙulle kyauron tamau a jikin sanda, motarsa za ta yi gaba har robar ta warware, sannan saurin da ta ɗauko ya ci gaba da juya sandar, ta fara naɗe robar ta ɗaya gefen, motar ta ci birki ta ɗan dawo da baya. Gwani ɗan ƙugiya yake yi a jikin sandar, guntun tsinken ashana ko kan ƙusa, ya rataya kyauron kawai. Da ya gama warwarewa sai ya zame ya faɗi, motar ta ci gaba da gangarawa da sauran saurinta. Sau da yawa wannan gangarawar ta ƙarshe ita take yanke hukuncin tsere.

Ba duka ake naɗewa a sanda ba. A gidajen da ake ɗinki, irin na Soron Ɗinki, kwarkwaron zare da ya ƙare ma mota ne. Ana zura kyauro ta cikin raminsa, a tare baki ɗaya da guntun ashana, a ɗaya bakin a sa yankakken kyandir mai huda a tsakiya sannan a soka dogon tsinke. A nan murɗa robar ake yi. Tsinken yana tokare ƙasa, kwarkwaron ya riƙa birgima, kyandir ɗin kuma yana zamewa sannu a hankali, yana hana ƙarfin fita lokaci guda. Tafiyar hawainiya take yi, amma in an yi wa gefunan kwarkwaron haƙora da reza tana haye littafi da tabarma. A ganina, cikin dukkan waɗannan motoci babu wadda ta kai ta hikima.

Sai mai farfela, wadda ake yanka fukafukanta daga robar ruwa. Murɗaɗɗen kyauro yana juya farfelar, farfela ta tura iska baya, iska ta tura motar gaba. Tayoyinta 'yan rakiya ne kawai, don haka ita ba ta son nauyi ko kaɗan. Wannan tsari yana da tarihi. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgin sama mai murɗaɗɗiyar roba a birnin Faris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani malamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu ɗan abin wasa mai tashi sama da roba, wanda aka yi a kan fasalin Pénaud. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirgi mai inji a 1903. Motocin kanti da ake saya wa yara da Sallah, waɗanda ake ja da baya a saki, su ma ajiya suke karɓa, sai dai nasu ma'ajin naɗaɗɗen siririn ƙarfe ne a cikin akwatin giya.

Robar ma suna ta tara. Masu ɗaura danƙon harbin tsuntsu sun daɗe da sanin cewa ba kowane tsohon tub ɗin taya ne yake da tsalle ba. Yawancin baƙin tub na yanzu da robar masana'anta ake yin sa, wadda ake kira butil. Tana riƙe iska sosai, amma in an ja ta a kasale take dawowa, tana cinye kaso mai yawa na abin da aka ba ta. Wanda ya karɓo irinta wajen mai faci ya yanka ya ɗaura wa mota zai sha mamakin rashin kataɓus ɗinta. Kyauron kuɗi ya fi ta nesa ba kusa ba, amma shi ma yanayin Kano ba ya raga masa. Hasken rana da iska suna tsinka silallansa, zafin watan Afrilu da yakan haura digiri 40 yana hanzarta lalacewar, sai ka ga ya yi fari-fari, ya tsattsage, ko ya yi danƙo ya manne a jikin kwali. Motar da aka bari a naɗe ta kwana, ko aka manta da ita a kan soro, da wuya kyauronta ya sake moruwa.

Matsala ta ƙarshe ta lungu ce. Lungun cikin birni ƙunci gare shi, ga kwata a gefe, motar kyauro kuma ba ta da sitiyari. In ta riƙa karkata gefe ɗaya, yawanci dalili bai wuce uku ba: ko sandar gaba da ta baya ba su daidaita da juna ba, ko taya ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta faɗi, ko hudar tsakiyar tayar ta goce. Bambancin milimita 2 tsakanin tayoyin baya ya isa ya sa motar ta riƙa zana baka maimakon miƙaƙƙen layi, kuma kullum wajen ƙaramar tayar take karkata. Shi ya sa masu yanka silifas suke kifa murfi ɗaya su zana duk tayoyin da shi, su haɗa su biyu-biyu su goge bakinsu a jikin siminti har su zo daidai, sannan su huda su tare da ƙusa mai zafi.