Giyar Gida: Daga Buhun Dawa Zuwa Ƙwarya

Mai karatu, ko kana sha ko ba ka sha, wannan bayani ya shafe ka. Wataƙila mahaifiyarka da dafa burkutu ta biya maka kuɗin makaranta. Wataƙila mijinki yana tsayawa gidan giya kafin ya iso gida. Ikilisiya tana da nata koyarwa a kan maye, kuma fastoci suna yin ta. Namu aikin a asibiti shi ne mu nuna maka yadda ake dafa giyar gida, da wuraren da cuta take shiga cikinta.

Za mu ɗauki misali daga birnin Lome na ƙasar Togo, inda Hausawa suka daɗe da kafa Zongo. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari, aka mai da shi arewa da birnin, kusa da babbar hanyar da ta bi ta Sokode da Kara har Dafango. Yawancin mutanen Zongo Musulmi ne, ba sa dafa giya. Amma maƙwabtansu da suka sauko daga arewacin Togo sun zo da sana'arsu. Matan Kabiye suna dafa wadda ake kira cukutu, na yankin Dafango kuma cakpalo. A Gana ana ce mata pito, a Burkina Faso dolo, a wurinmu burkutu. Suna ne ya bambanta, amma hatsi da tukunya da haɗari duk ɗaya ne.

Yadda Ake Dafa Ta

Da fari ana jiƙa dawa cikin ruwa kamar kwana ɗaya. Sai a tsame, a baza, a rufe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa har kwana 3 ko 4. Dawar za ta fitar da tsiro. Wannan tsiro shi ne yake juya garin dawa ya zama zaƙi. Daga nan a shanya a rana, a kai injin niƙa.

Sai a dama garin da ruwa, a bari ya kwanta. A tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa mai kaurin, sa'an nan a sāke haɗa su. A bar shi ya kwana ya yi tsami. Washegari a tace, a tafasa ruwan awoyi da yawa a kan murhu. In ya huce, sai a zuba ragowar giyar baya, wadda take ɗauke da yisti. Yisti wata halitta ce ƙarama da ido ba ya gani. Tana cin zaƙin, tana fitar da kumfa da abin da yake bugar da mutum, wato barasa. Kafin gari ya waye giya ta tashi. Bayan kwana 2 ko 3 takan yi tsami ta lalace, shi ya sa ake sayar da ita da sauri.

Ƙofa Ta Farko: Hatsi

Mai dafa giya takan sayi dawa mai araha, har da wadda ruwa ya taɓa a rumbu. Irin wannan hatsi yakan yi fumfuna. Wata fumfuna tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda take cin hanta a hankali. Tafasawa ba ta kashe wannan guba. In mutum yana da ciwon hanta nau'in B, haɗuwarsu tana ƙara masa haɗarin kansar hanta ƙwarai.

A watan Janairu na 2015, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutane sun sha giyar gida a wurin makoki. Mutum 75 suka mutu. Da fari an yi zargin wani ne ya zuba musu guba. Da aka bincika, sai aka gane garin masarar da aka yi giyar da shi ne ruwa ya jiƙa ya lalace, ƙwayar cuta ta yi guba a ciki. Hatsin da ba za ka ba 'ya'yanka su ci ba, bai dace da tukunyar giya ba.

Akwai kuma tsiron kansa. Kai manomi ka san yadda gyauron dawa yake kashe akuya. Irin wannan guba tana cikin ɗanyen tsiro da saiwarsa. A shanya shi ya bushe sosai, a murje saiwar a sheƙe, a kuma tafasa ruwan da kyau. Kada a bar yara su tauna ɗanyen tsiro don zaƙinsa.

Ƙofa Ta Biyu: Tukunya Da Duro

Kakanninmu da tukunyar ƙasa suke dafawa. Yau da yawa sun koma duro na ƙarfe da jarka, domin ba sa fashewa. Amma ka tambayi kanka, me duron ya ɗauka kafin ya zo gidan? Lome gari ne mai tashar jiragen ruwa, tsofaffin durorin fenti da na man inji da na maganin ƙwari ba su da wuyar samu. Wanki da sabulu ba ya fitar da irin waɗannan duka. Jarkar maganin feshi ba ta zama jarkar abin sha har abada.

Giya tana da tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. In ana dafawa ko ana tsima ta cikin duro mai tsatsa, ƙarfen yana narkewa cikin giyar. Wanda ya sha shekara da shekaru, ƙarfen yakan taru masa a hanta ya lalata ta. Tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen inji kuma wasunsu suna ɗauke da dalma. Dalma tana kawo ƙarancin jini da ciwon ciki, tana kuma dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙofa Ta Uku: Ruwa Da Ƙwarya

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. In aka ƙara ɗanyen ruwan rijiya don giyar ta yi yawa, an komo da cutar da wuta ta kora. A gidan giya kuma, sau da yawa bokiti ɗaya ake tsoma kowace ƙwarya daga safe har dare. Ta nan zawo da taifot da kwalara suke ratsa mutane. Barasar da take cikin burkutu ba ta kai ta kashe su ba. Ɗakin sha da ya cika da jama'a ba iska kuwa, nan tarin fuka yake samun hanya, gama ta numfashi yake bi.

Ƙofa Ta Huɗu: Sodabi Da Abin Da Ake Ƙarawa

A kudancin Togo da Binin akwai wata giya fara kamar ruwa, ana kiranta sodabi. A Nijeriya ogogoro ke nan, a Gana akpeteshi. Ana ɗora bammi a wuta cikin duro, tururin ya bi ta bututu cikin ruwan sanyi, ya ɗiga cikin kwalba. Burkutu yakan ƙunshi barasa kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Sodabi yakan kai kashi 40, har ya wuce.

Babban haɗari a nan shi ne wani sinadari mai suna metanol. Wasu marasa tsoron Allah suna haɗa shi da giya don riba. Ido ba ya bambanta shi, harshe ma haka. Cokali ɗaya na cin abinci yana iya makantar da mutum, cokali 2 ko 3 suna iya kashe shi. A watan Afrilu na 2015, a Ode-Irele cikin Jihar Ondo, aƙalla mutum 18 suka mutu ta wannan hanya. Haka kuma duk abin da aka jefa cikin giya don ta ƙara ƙarfi, ko ƙwaya ko saiwa ko 'ya'yan zaƙami, guba ce.

Ko Mai Tsabta Ma Barasa Ce

Kada ka ce burkutu abinci ne kawai, tun da daga dawa ya fito. Ga lissafi. Ƙwarya mai cin rabin lita, in ƙarfin giyar kashi 4 ne, tana ɗauke da barasa mililita 20. Daidai take da ƙaramin kofin sodabi mai mililita 50. Hantar babban mutum tana bukatar kamar awa 2 kafin ta gama da wannan. Wanda ya sha ƙwarya 5 da yamma, hantarsa tana aiki har asuba. In ya hau babur a tsakani, ransa da na wanda ya ɗauka suna cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Waɗannan kada su sha ko kaɗan:

1. Mace mai ciki. Barasa tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma lahanin ba ya warkewa.
2. Mai shayarwa. Ana cewa burkutu yana kawo nono. Barasa rage nono take yi, tana kuma shiga cikinsa.
3. Yara, ko da kurɓi ɗaya ne don su yi barci.
4. Mai ciwon hanta, ko gyambon ciki, ko farfaɗiya, ko ciwon suga.
5. Mai shan maganin tarin fuka, ko Flagyl, ko maganin barci.

Ke Mai Dafawa

'Yar'uwa, mun san da wannan tukunya kike ciyar da gida. Muddin tana kan murhu, rayukan mutane suna hannunki. Ki zaɓi hatsi busasshe mai kyau, ki zubar da mai wari ko mai ɗigon kore da baƙi. Ki yi aiki da tukunyar ƙasa, ko robar da aka yi domin abinci. Kada ki ƙara ruwan da ba a tafasa ba. Ki wanke ƙwarya da sabulu, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki kife ta ta bushe. Ki rufe randa saboda ƙuda. Ki kange murhu, gama ƙunar da tafasasshen ruwan giya yake yi wa yaro mai rarrafe ba ƙarama ba ce. Kada ki sayar wa yaro, ko mai ciki, ko wanda ya riga ya bugu.

Ki kuma tuna, hannun da ya iya jiƙa dawa da niƙa da tacewa ya iya kunun zaƙi. A Zongo da kowace tashar mota akwai masu sayen kunu da zoɓo, Musulmi da Kirista, manya da yara.

Yaushe Za A Garzaya Asibiti?

In mutum ya sha giya, musamman sodabi, sai bayan awa 12 zuwa 24 ya fara ganin hazo-hazo, da ciwon kai, da amai, da ciwon ciki, da haki, ku kai shi asibiti nan take. Kada ku jira gari ya waye. Ku tafi da ragowar abin da ya sha, ku kuma nemo waɗanda suka sha tare da shi, ko da sun ce lafiyarsu ƙalau.

In mashayi ya faɗi bai farka ba, ku kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada ku ɗura masa madara ko manja. Ku nemi abin hawa.

Idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura, aman jini, baƙin bayan gida, duk alamu ne cewa hanta ko ciki ya ji rauni.

Kai kuma da kake sha kullum, kana so ka bari, mun yi murna. Amma in hannunka yana rawa da safe sai ka sha, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a gida, gama jijjiga tana iya kama ka. Ka zo asibiti tare da wani na gida wanda ka amince da shi. Akwai maganin da zai taimake ka ka wuce kwanakin farko, kuma ba wanda zai yi maka dariya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya.