Lissafin Yiwuwa: Jan Hankali Ga 'Yan Sakandare Da Malamansu

Sau da yawa in mun zaga makarantu mukan tarar yara na jin tsoron fannin nan da a ke kira lissafin yiwuwa, har waɗansu iyaye na tsammanin duba a ke koya wa 'ya'yansu. To, ba haka ba ne. Sanin gaibu sai Allah. Wannan fanni awo ne kurum, watau auna ƙarfin zaton aukuwar abu, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu.

An kafa harsashinsa a Faransa cikin 1654, sa'ad da masana biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta aika wa juna wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse ba a ƙare ba.

Ƙa'ida ta fari ita ce a ƙidaya. A zuba goro biyar cikin ƙwarya, uku farare, biyu jajaye, yaro ya rufe ido ya ɗauki ɗaya. Yiwuwar ya sami fari ita ce uku bisa biyar, 3/5. Abin da ba ya yiwuwa sam awonsa 0, wanda ya ke tabbas awonsa 1, sauran duka suna tsakani.

Ta biyu, in abubuwa biyu ba su aukuwa tare, kuma kowanne ya zo ya biya bukata, sai a tara. Ƙwayar lido fuska shida gare ta. Yiwuwar samun biyar ko shida ita ce 1/6 a tara da 1/6, watau 1/3.

Ta uku, in ana son wannan ya auku, wancan kuma ya auku, sai a riɓanya. Samun shida sau biyu a jere 1/6 ne sau 1/6, watau 1/36. Amma a lura, in yaron nan ya ɗauki farin goro bai mayar ba, saura huɗu, biyu ne farare. Saboda haka samun fari sau biyu 3/5 ne sau 2/4, watau 3/10. A nan ne yara da yawa su ke faɗuwa a jarrabawa.

Sai babban kuskure, wanda har manya na yi. In an jefa kwabo ya kife sau biyar a jere, sai a ce lalle yanzu zai buɗe. Kwabo kuwa ba ya tuna jiya, jifa ta shida ma rabi da rabi ce. Sai jifa ta yi yawa ƙwarai sa'an nan rabon kan kusanci rabi. Wani malamin lissafi, John Kerrich, da aka tsare a ƙasar Denmark zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, fuska ta fito sau 5,067.

Abin da ya sa muka damu ke nan. Samari na zubar da kuɗin makaranta wajen cacar ƙwallo. A ce yiwuwar cankar kowane wasa daidai rabi ce, wanda ya haɗa wasa goma yiwuwar cinsa ɗaya ce tak cikin 1,024. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa da wuya a ruɗe shi.

Muna roƙon malamai su shiga aji da goro da kwabo, su bar yara su jefa, su ƙidaya, su rubuta, kafin a hau allo. Gani ya kori ji.