Daga Suwez zuwa Singafo: Dalilan Janyewar Sojojin Birtaniya daga Ƙetare, 1945–1971

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda Birtaniya ta kwashe sojojinta daga ƙasashen ƙetare bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta nuna cewa ginshiƙai uku ne suka ɗauki ƙarfin sojan daular, wato rundunar Indiya da darajar fam da yardar masu masauki, kuma zubewarsu ɗaya bayan ɗaya ce ta tilasta janyewar da aka kammala a 1971.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1945 Birtaniya na cikin ƙasashen da suka ci yaƙi, sojojinta kuwa na jibge daga Jamus har zuwa Hong Kong. Bayan shekara 26 kacal, ta rufe mafi yawan manyan sansanoninta da ke gabas da mashigin Suwez. Mai nazarin adabi da tarihin lokacin neman mulkin kai yana buƙatar sanin musabbabin wannan sauyi, domin fahimtar da ya yi masa ita za ta nuna masa ko 'yancin kan ƙasashen Afirka kyauta ce aka miƙa, ko kuwa kaya ne ya fi ƙarfin mai ɗauka.

2.0 Rundunar Indiya

Tun ƙarni na 19, Indiya ce rumbun sojojin daular, kuma harajin Indiyawa ne ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyarsu. A Yaƙin Duniya na Biyu yawan rundunar ya kai kusan mutum miliyan biyu da rabi. Yawancin sansanonin da ke Malta da Suwez da Aden zangonni ne na tsaron hanyar Indiya. Da Indiya da Pakistan suka sami 'yanci a watan Agusta na 1947, sai Birtaniya ta rasa rundunar, ta kuma rasa babban dalilin riƙe zangonnin.

Ta nemi cike gurbin ta hanyar tilasta wa samarin Birtaniya aikin soja, amma hakan ya janye ma'aikata daga masana'antu a lokacin da ƙasar ke matuƙar buƙatarsu. A 1957 ministan tsaro Duncan Sandys ya fitar da manufar soke aikin sojan dole da dogaro ga makaman nukiliya. Rukunin ƙarshe na waɗannan samari ya bar aiki a 1963.

3.0 Darajar fam

Yaƙin ya bar Birtaniya cikin bashi. Da Amurka ta yanke tallafin lokacin yaƙi a watan Agusta na 1945, sai da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya je Washington ya nemo rancen dala biliyan 3.75, wanda ba a gama biyansa ba sai a watan Disamba na 2006. A watan Fabrairu na 1947 gwamnatin Clement Attlee ta sanar da Amurka cewa ba za ta iya ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya ba, ta kuma miƙa batun Falasɗinu ga Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1949 aka karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa dala 2.80.

Rikicin Suwez shi ya fallasa wannan rauni a idon duniya. Bayan Gamal Abdel Nasser ya mayar da kamfanin mashigin mallakar Masar ranar 26 ga Yuli, 1956, Birtaniya da Faransa suka ƙulla da Isra'ila suka kai hari. Sojojinsu sun sauka Port Said ranar 5 ga Nuwamba, amma kafin kwana biyu aka tsagaita wuta. Abin da ya tsayar da su shi ne zubewar ajiyar kuɗin Birtaniya, da kuma ƙin da gwamnatin Eisenhower ta yi na barin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya agaza wa fam sai an janye. Firayim Minista Anthony Eden ya yi murabus a watan Janairu na 1957.

4.0 Yardar masu masauki

Sansanin soja a ƙasar wani ba ya ɗorewa sai da amincewar mai ƙasa. A farkon shekarun 1950 Birtaniya na da sojoji kimanin 80,000 a yankin Suwez, amma yawancinsu tsaron sansanin kansa suke yi daga hare-haren Misirawa. Yarjejeniyar 1954 ta sa suka fice a watan Yuni na 1956. Juyin mulkin 1958 a Iraƙi ya raba ta da sansanin jiragen sama na Habbaniya. Barikin da ta kashe kuɗi ta gina a Kahawa, kusa da Nairobi, ta bar shi a 1964, shekara guda bayan 'yancin Kenya. Aden, wadda ta zama madadinsa, ta fita daga hannunta a ƙarshen Nuwamba na 1967 bayan shekara huɗu ana tawaye.

Nijeriya ma ta shiga wannan lissafi. Da sararin samaniyar wasu ƙasashen Larabawa ya rufe wa jiragen yaƙin Birtaniya bayan rikicin Suwez, sai ta nemi hanya ta tsakiyar Afirka, filin jirgin saman Kano kuwa zango ne a kan wannan hanya. Wannan na cikin dalilan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan sun yi zanga-zanga a Legas, jam'iyyar adawa ta Action Group ta yi ta suka, har aka soke yarjejeniyar a watan Janairu na 1962.

5.0 Sanarwar 1968

Duk da haka Birtaniya ba ta saduda nan take ba. Ta tura sojoji Kuwait a 1961, ta murƙushe boren sojoji a Tanganyika da Uganda da Kenya a 1964, ta kuma kare Malesiya daga Indonesiya tsakanin 1963 da 1966. An yi nasara a waɗannan ayyuka, amma kowannensu da kuɗin ƙetare aka biya shi. Ranar 18 ga Nuwamba, 1967, gwamnatin Harold Wilson ta sake karya fam zuwa dala 2.40. Ranar 16 ga Janairu, 1968, Wilson ya shaida wa majalisa cewa za a janye daga Malesiya da Singafo da yankin Tekun Fasha kafin ƙarshen 1971.

Abin lura a nan shi ne wasu masu masaukin ba su so tafiyar ba. Lee Kuan Yew na Singafo ya je Landan neman a jinkirta, sarakunan yankin Tekun Fasha kuma suka yi tayin biyan kuɗin zaman sojojin, amma aka ƙi tayin nasu. A 1971 Bahrain da Ƙatar suka sami 'yanci, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ranar 2 ga Disamba, kwana biyu bayan Iran ta saukar da sojoji a tsibiran Abu Musa da Tunb.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin sojan Birtaniya ya tsaya ne bisa sojojin wasu da kuɗin da ya dogara ga yardar Amurka da kuma filayen da ke ƙasashen mutane. Inda 'yan ƙasa suka ƙi, kamar Masar da Aden da Nijeriya, riƙe sansani ya yi tsada. Inda suka so, kamar Singafo, baitulmali ne ya gaza. Janyewar ba ta zama ta baki ɗaya ba, domin ta riƙe sansanoni biyu a Saifurus, ta kuma zauna a Hong Kong har 1997. Sai dai ragamar tsaron waɗannan tekuna ta koma hannun Amurka, wadda ta gina sansaninta a tsibirin Diego Garcia bisa yarjejeniyar 1966, bayan an kwashe mutanen tsibirin daga gidajensu.